Yadda Ake Shuka Ƙariya da Kula da Ita a Gida

Ƙariya, wadda masana ilimin tsirrai suke kira Adenium obesum, gajeriyar itaciya ce mai kumburarren gindi da rassa masu taushi, wadda take fitar da furanni ruwan hoda masu fari a tsakiya, sau da yawa a tsakiyar rani lokacin da babu ko ganye ɗaya a jikinta. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tana fitowa da kanta a busassun dazuzzuka da gefen duwatsu tun daga Senegal har zuwa Sudan da Habasha da Somaliya da kudancin ƙasar Larabawa, kuma tun da daɗewa ake dasa ta a gidaje saboda kyan furenta. A daji takan kai tsayin mita 1 zuwa 3, amma a tukunya ba ta cika wuce ƙugun mutum ba. A Yaman ne masanin tsirrai Pehr Forsskål ya tattara bayaninta, aka buga shi a 1775 bayan rasuwarsa, sannan a 1819 aka ba ta sunan da take amsawa a littattafai har yau. A 'yan shekarun baya masu lambun furanni a Thailand da Taiwan suka duƙufa wajen haɗa jinsunanta, suka samar da ja wur da fari fat da masu zane da masu fure ninki biyu ko uku, kuma irin waɗannan ne suka cika wuraren sayar da furanni na bakin titi a Kano da Kaduna da Abuja.

Abu ɗaya ne ya kamata mai shuka ya riƙe kafin ya taɓa ƙasa ko tukunya. Kumburarren gindin nan randa ce da itaciyar take tara ruwa a ciki domin ta ƙetare watannin rani, saboda haka ƙishirwa ba ta cika kashe ta ba. Abin da yake kashe ta a gidajenmu shi ne yawan ruwa da ƙasa mai riƙe danshi. Wanda ya saba da ban ruwan tumatir ko alayyafo safe da yamma, in ya yi wa ƙariya haka, cikin 'yan makonni zai tarar gindinta ya ruɓe. Duk matakan da suke biye an gina su ne a kan wannan.

Gargaɗi kafin a fara

Ƙariya 'yar dangin tumfafiya ce, kuma ruwa mai danƙo da yake fitowa idan an yanke ta guba ne mai taɓa bugun zuciya, har wasu al'ummomi a Afirka sun yi amfani da shi wajen haɗa dafin kibiya. Babu wani sashe nata da ya kamata ya shiga bakin mutum ko na dabba. Duk lokacin da za a yanka ta a sa safar hannu ko a ɗaura leda, kada a taɓa ido ko baki har sai an wanke hannu da sabulu, kuma wuƙar da aka yi aikin da ita kada ta koma kicin. Rassan da aka sare a kwashe su nan take, kada a watsar inda awaki da tumaki suke kiwo. A gidan da yake da yara masu rarrafe ko masu kai komai baki, a ɗora tukunyar inda hannunsu ba zai kai ba. Idan yaro ya tauna ganye ko fure, a kai shi asibiti ba tare da jiran alama ba, a tafi da guntun reshen domin likita ya san abin da ya ci.

Zaɓen shuka

Wanda zai saya ya fara da gindi, ya bar fure sai daga baya. A matsa gindin da yatsa a wurare da yawa, har da daidai inda ya haɗu da ƙasa. Lafiyayye yana da tauri ko'ina, fatarsa kuma tana ɗan sheƙi, launinta tsakanin toka-toka da kore. In wani wuri ya lotsa, ko ya yi baƙi, ko aka ji ɗoyi, a haƙura da wannan komai kyan furenta. A duba ƙarƙashin ganye da matsatsin rassa ko akwai farin abu mai gari-gari, domin ƙwaro ne da zai bi shukar har gida ya yaɗu a kan sauran. Yawancin masu fure ninki an yi musu aure ne, wato an haɗa reshensu a kan gindin wata, kuma ana ganin tabon haɗin a zagaye da reshe. A tabbatar tabon ya warke, babu tsaga. Ya fi kyau a sayi wadda take da fure a buɗe, saboda shi ne kawai tabbacin launin da za a samu. Hotunan ƙariya shuɗiya da ake tallatawa a intanet gyaran kwamfuta ne, domin itaciyar ba ta yin shuɗin fure.

Ba na goyon bayan a je daji a tumɓuko tsohuwar ƙariya. Wadda gindinta ya kai girman da yake burge mutane ta yi shekaru masu yawa kafin ta kai haka, saiwoyinta sun ratsa tsakanin duwatsu, kuma sau da yawa raunin tono ne yake zama ƙofar ruɓa bayan an kawo ta gida. Reshe ɗaya daga gidan maƙwabci ya isa a fara.

Tukunya da ƙasa

Tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata fenti ba ita ce zaɓi na farko, saboda jikinta yana tsotse danshi yana fitarwa, ƙasar ciki ta bushe da wuri, saiwa kuma ta sami sanyi a bazara. Mai faɗi marar zurfi, irin kasko, ta fi doguwa, domin a doguwar tukunya ƙasar can ƙasa takan daɗe a jiƙe ko da saman ya bushe, kuma faɗin yana sa saiwoyi su bazu gefe, gindi ya yi kauri. Kada ta yi wa shukar yawa. Tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin gindi da bakin tukunya ta wadatar. Dole ne a huda ƙasanta, huda babba guda ɗaya ko ƙanana da yawa, kuma in za a sa magini ya gina ta musamman, a gaya masa ya huda tun tana ɗanya. Roba ma tana yi idan an ƙara mata huji, sai dai baƙar roba da aka ajiye a kan siminti a watan Afrilu, lokacin da zafi yake kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, tana iya dafa saiwoyin da suke manne da jikinta.

Baƙar ƙasar da ake sayar da shuka a cikinta a leda ba ta dace da zama na dindindin ba, haka nan laka da ƙasar fadama. Haɗin da yake aiki shi ne kashi biyu na yashin rafi mai manyan ƙwayoyi, kashi ɗaya na dakakken gawayi ko ƙonannen ɓuntun shinkafa ko ƙananan tsakuwar marmara, da kashi ɗaya na takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai ya koma ƙasa. Yashi mai laushi irin na filasta ba ya yi, saboda yana daskarewa ya toshe iska. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, kuma yana jawo gara. A tankaɗe gawayin a zubar da ƙurarsa, a bar gutsattsarin da suka kai girman ƙwayar masara. Kafin a zuba a tukunya a gwada haɗin: a jiƙa kaɗan, a dunƙule a tafin hannu, a buɗe. In ya wargaje da kansa ya yi daidai. In ya tsaya a dunƙule da shatin yatsu a jikinsa, a ƙara yashi da gawayi.

Dasawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, bayan sanyi ya wuce kuma ruwan sama bai sauka ba, domin zafi yana sa rauni ya bushe da sauri, itaciyar kuma tana shirin farkawa. A bar ƙasar tsohuwar ledar ta bushe na 'yan kwanaki, a yaga ledar, a karkaɗe ƙasar a hankali da yatsu ko da tsinke har saiwoyi su fito fili. A duba su ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara, mai tauri. Wadda ta yi baƙi ko ta yi laushi a yanke ta da wuƙa mai kaifi da aka goge da sifirit, a barbaɗa garin gawayi ko toka a kan raunin, sannan a ajiye shukar a inuwa mai iska kwana biyu zuwa biyar har wurin ya bushe. Ganyenta yana iya yin yaushi a wannan zaman, kuma wannan ba abin damuwa ba ne.

A kifa tsingaro ɗaya a kan hujin tukunya domin kada ƙasa ta zube, a zuba haɗin zuwa rabi, a tara shi ya ɗan yi tudu a tsakiya, a zaunar da gindin a kai, a shimfiɗa saiwoyin su kewaye tudun, sannan a cika. Kada a binne gindin fiye da yadda yake a da. A girgiza tukunyar ƙasa ta zauna, ba sai an danna da ƙarfi ba, kuma in shukar tana rawa a tokare ta da duwatsu biyu ko uku. Daga nan sai a yi abin da yake yi wa sabon mai shuka wuya, wato a ƙi ba ta ruwa. A jira kamar mako guda a inuwa mai haske, sannan a yi ban ruwa na farko, a fara fitar da ita rana da safe kawai, ana ƙara lokacin kowace rana har cikin mako biyu ta saba da cikakkiyar rana. A ɗora tukunyar a kan bulo biyu ko duwatsu domin ruwa ya riƙa fita, kuma kada a sa faranti a ƙarƙashinta.

Wanda yake so ya dasa a ƙasa kai tsaye, ƙasar jigawa ce ta fi karɓarta. Ko a nan ma a yi tudu mai tsayin santimita 20 zuwa 30 a dasa a kansa, nesa da kwata da bakin famfo da wurin wanke-wanke, kuma nesa da inda indararo yake zuba. A wuraren da ruwan sama yake da yawa kuma yake daɗewa, irin su Abuja da Jos da Kumasi, tukunya ta fi aminci, tun da ana iya ɗauke ta.

Bayan kowace shekara biyu a sake mata ƙasa a irin wannan lokaci na ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. A nan ne ake ɗaga gindin sama da santimita 2 zuwa 3, sai kaurin saiwoyin da suke ɓoye ya fito fili, wanda shi ne rabin kyan itaciyar. Sabon wurin da ya fito fari ne, bai saba da rana ba, saboda haka a rufe shi da tsumma ko a bar shi a inuwa har ya canza launi, in ba haka ba rana za ta ƙona shi ya bar tabo.

Rana

Ƙariya tana bukatar aƙalla awa shida na rana kai tsaye. A ƙarƙashin bishiya ko a cikin ɗaki rassanta sukan yi tsawo su sirance, ganye ya yi faɗi, fure kuma ya ƙi zuwa. Yawancin masu kukan cewa tasu ba ta fure, in aka bincika, a inuwa suka ajiye ta. A tsananin bazara kaɗai ne ƙananan shuke-shuke da masu fure ninki suke amfana da ɗan inuwa daga azahar zuwa la'asar.

Ban ruwa

Nan ne aikin yake, kuma babu jadawalin kwanaki da zai dace da kowace tukunya, domin girman tukunya da irin ƙasa da yanayi duk suna sauya lissafin. Ƙa'idar ita ce a ba da ruwa sosai har ya fito ta huji, sannan a ƙyale har ƙasa ta bushe kafin a sake. Yayyafa ɗan ruwa kullum ya fi komai illa, saboda yana bar wuyan gindin a jiƙe alhali saiwoyin ƙasa ba su sami komai ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A soka tsinken tsire ko siririn kara har ƙasan tukunya, a bar shi ɗan lokaci, a zaro. In ya fito da sanyi da ƙasa manne a jikinsa, a jira. In ya fito a bushe tas, lokaci ya yi.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, itaciyar tana cikin girma da fure, kuma tana shan ruwa fiye da yadda mutane suke zato. Ƙaramar tukunyar ƙasa tana iya bushewa cikin kwana biyu ko uku, babba kuma ta kai mako. A wannan lokaci bai kamata a hana ta ruwa don tsoron ruɓa ba, domin in ƙishirwa ta yi yawa takan zubar da ƙunshin furen kafin ya buɗe. A yi ban ruwan da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, ba da tsakar rana ba lokacin da tukunya take da zafi.

Idan damina ta sauka, ruwan sama ya karɓi aikin, sai dai in an yi fashi mai tsawo. Ruwan farkon damina yana yi mata kyau ƙwarai, ganye ya yi shar, gindi ya cika. Haɗarin yana zuwa ne da marka, musamman a watan Agusta, lokacin da ake kwana ana wuni ana ruwa, rana ba ta fitowa, ƙasa ba ta samun damar bushewa. A wannan lokaci a matsar da tukwane ƙarƙashin baranda ko rumfa inda haske yake shiga amma ruwa ba ya dukan su, a fitar da su idan gari ya washe. In ba za a iya ɗagawa ba, a duba hujin bayan kowane ruwa a tabbatar bai toshe ba.

Da shigowar kaka sai a fara rage ruwa. A hunturu itaciyar takan yi barci, ganye ya yi rawaya ya zube, wani lokaci har ta zama sanda tsirara. Wannan ɗabi'arta ce, amma a nan ne mutane da yawa suke ɗauka ƙishirwa ce ta kama ta, su ƙara ruwa, su kashe ta. Saiwar da take barci ba ta shan ruwa, kuma sanyin dare a Disamba da Janairu, wanda a Jos da arewacin Nijar yake iya sauka kusa da digiri 10, in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓa ce take biyo baya. Wadda ta zubar da ganye duka ana iya barin ta mako uku ko fiye ba ruwa. Wadda ta riƙe ganyenta a ba ta kaɗan idan ƙasa ta bushe sarai, kuma da hantsi, domin kafin dare danshin saman ya tafi. Sai an ga sabon toho a kan rassa sannan a koma ban ruwa na sosai.

Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana barin farin gishiri a bakin tukunya. In an ga haka, sau ɗaya a wata a bazara a kwarara ruwa mai yawa ya wanke ƙasar ya fita. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuwa ba na ƙariya ba ne.

Taki

Ba ta da ci sosai. Daga Afrilu zuwa Satumba, rabin ƙaramin cokali na takin zamani NPK 15-15-15 sau ɗaya a wata ya ishi tukunya mai faɗin santimita 30. A barbaɗa shi a gefen tukunya nesa da gindi, a kan ƙasa mai ɗan danshi, a bi da ruwa. Yuriya tana sa ganye ya yi yawa, rassa su yi tsawo da laushi, fure ya ragu, don haka a bar ta ga masara. Ba a sa taki a hunturu, ba a sa wa sabuwar dasawa sai ta yi wata guda, ba a kuma sa wa marar lafiya.

Datse rassa

Ƙariya a kan bakin reshe take fure, saboda haka yawan rassa shi ne yawan fure. In aka bar ta, takan miƙe da dogayen rassa biyu ko uku masu ɗan ganye a can sama. A ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris a datse dogayen rassan, a bar santimita 8 zuwa 10 ko fiye daga inda suka fito, a yi yankan a karkace kaɗan a saman wani ido, wato ɗan tabon da ganye ya bari, domin daga nan sabon reshe zai fito. A goge ruwan da ya tsattsafo, a bar wurin ya bushe, kada ruwa ya taɓa shi na 'yan kwanaki. Wasu sukan shafa farin gam na kafintoci bayan ya bushe, kuma yana taimakawa a manyan yanka. Cikin mako biyu zuwa huɗu kowane reshe yakan fitar da toho biyu ko uku, fure kuma ya biyo bayan wata biyu zuwa uku. A kan mai aure kada a taɓa yankawa ƙasa da tabon haɗi, domin in aka yi haka an zubar da launin da aka saya, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da tabon a cire shi tun yana ƙarami. Ba a datsa a marka ko a tsakiyar sanyi.

Samun sababbi

Rassan da aka datse su ne iri mafi sauƙi. A zaɓi masu kaurin yatsa da tsawon santimita 15 zuwa 20, a cire ganyen ƙasa, a dangwala bakin a garin gawayi, a jingine su a inuwa kwana uku zuwa bakwai har yankan ya bushe ya yi ɓawo. A soka kowanne a yashi da gawayi zurfin yatsu uku, a tokare shi, a jira kwanaki kafin a jiƙa kaɗan, sannan a riƙa jiƙawa duk lokacin da ya bushe. Saiwa takan fito cikin mako uku zuwa shida, kuma alamarta sabon ganye ne. Kada a riƙa zarowa ana dubawa. Shukar reshe tana kawo furen uwarta sak, kuma da wuri, amma ba ta yin kumburarren gindi a sama sai bayan shekaru, idan saiwoyinta sun yi kauri aka ɗaga su.

Mai son gindi mai kyau tun farko sai ya bi ta ƙwayar iri. Ƙariya ba ta cika yin 'ya'ya a gida ba, domin ginin furenta yana ɓoye wurin karɓar garin fure a can ciki, kuma yawancinsu ba sa ɗaukar garin kansu, ga shi waɗanda suke unguwa ɗaya sau da yawa rassan uwa ɗaya ne. Inda aka tara shuke-shuke daga tushe dabam-dabam an fi samun dace. 'Ya'yan suna fitowa bibbiyu masu siffar ƙaho, suna ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin su nuna. Da sun fara canza launi a naɗe su da zare, domin ranar da suka tsage iska za ta kwashe ƙwayoyin, kowace tana da gashi a kai da gindi. A tsinke gashin, a shuka da wuri, saboda irin ba ya daɗewa da rai. A kwantar da ƙwayoyin a kan yashi da ƙonannen ɓuntu, a rufe da ƙasa 'yar kaɗan, a ajiye a inuwa mai haske. A wannan mataki kaɗai ne ake so ƙasa ta zauna da ɗan danshi kullum. A lokacin zafi sabon iri yakan tsiro cikin mako guda, kuma tun yana da ganye huɗu ake ganin ɗan gindin ya fara kumbura, kore shar, bai kai kan ɗan yatsa ba. Bayan wata biyu zuwa uku a raba su tukunya-tukunya. Fure yakan zo cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ba lallai ya yi kama da na uwa ba. Yawanci ruwan hoda ne na asali.

Aure shi ne yake haɗa amfanin hanyoyin biyu, kuma wanda ya taɓa yi wa mangwaro zai ga na ƙariya ya fi sauƙi. A sami shukar iri mai shekara ɗaya ko biyu, a yanke reshenta a miƙe da reza mai tsabta. A yanko guntu mai tsawon santimita 2 zuwa 3 da ido ɗaya ko biyu daga wadda ake son furenta, wanda kaurinsa bai wuce na reshen da aka yanke ba, a kula kada a juya shi kai ƙasa. A goge ruwan fuskokin biyu, a ɗora guntun a kai, a lulluɓe da farar leda, a ja ta ƙasa ta danne shi, a ɗaure da zare ko roba. A ajiye a inuwa kwana 10 zuwa 14, sannan a kwance. In guntun yana nan kore kuma ya manne, auren ya kama.

Ƙwari

Darɓa mai launin rawaya, irin wadda ake gani a kan tumfafiya, takan taru a kan sabon toho da ƙunshin fure. Farin ƙwaro mai gari-gari yana ɓuya a matsatsi, wani lokaci har cikin saiwa, kuma yawan zirga-zirgar tururuwa a jikin shuka alama ce ta ɗayansu. A lokacin zafi da ƙura akwai wasu ƙwari ƙanana ƙwarai da suke zama a ƙarƙashin ganye, su sa shi ya yi ɗigo-ɗigo ya koɗe, da siririyar saƙa a tsakani. Duka ukun ana fara yaƙar su da feshin ruwa mai ƙarfi a ƙarƙashin ganye. In ba su tafi ba, a daka busassun 'ya'yan darbejiya cikin tafin hannu biyu, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda. A rufe ƙasar tukunyar yayin feshin idan lokacin sanyi ne. Tsutsotsin da suke cin ganye a damina a tsince su da hannu cikin leda.

Ceton wadda ta fara ruɓa

Gindi yana yin laushi saboda dalilai biyu masu kishiyantar juna, kuma dole a bambance su kafin a ɗauki mataki. In ƙishirwa ce, gindin duka yakan ɗan motse ya yi tamoji, ƙasa a bushe take, babu wari, kuma kwana biyu ko uku bayan ban ruwa yakan koma da taurinsa. In ruɓa ce, wuri ɗaya ne yake lotsawa, yawanci daga ƙasa, launinsa ya yi duhu, ƙasa da danshi, ganye kuma yana rawaya yana zuba ba a lokacinsa ba. A wannan hali kada a jira gobe.

A zare shukar daga tukunya, a wanke ƙasar, a fara yanke ruɓaɓɓen wurin yanki-yanki da wuƙa mai kaifi, ana goge ta da sifirit bayan kowane yanka. Naman da ya lalace ruwan ƙasa ne, yana da ruwa-ruwa, kuma a gefensa akan ga siraran layuka masu duhu sun shiga cikin farin naman. Waɗannan layukan su ma dole su fita, ko da hakan zai cinye rabin gindin, domin ɗigo ɗaya da aka bari zai ci gaba da yaɗuwa bayan an mayar da ita ƙasa. Idan fuskar yankan ta zama fara ko'ina, a shafe ta da garin gawayi, a rataye shukar a inuwa inda iska take kaɗawa na mako ɗaya zuwa biyu, har wurin ya bushe ya yi tauri. A zubar da tsohuwar ƙasar, a wanke tukunyar a shanya a rana, a dasa a sabon haɗi busasshe mai yawan yashi da gawayi, a sake jiran mako guda kafin ruwa kaɗan. In an tarar ruɓar ta cinye gindin gaba ɗaya, a hau sama a yanko rassan da cikinsu yake fari, a busar da su, a soka su a yashi kamar yadda aka bayyana, ko a yi musu aure a kan wani lafiyayyen gindi.